Zuwa Ƙauye Ba Tafiya Ba Ce, Mushe

Ranar da muka koma lakwal bayan babban hutu, shekara uku ke nan, na ba 'yan ajina wani aiki da na ɗauka ba shi da wuya. Ni malamin tarihi da labarin ƙasa ne a wata kolej a nan Yamai, kuma na saba buɗe shekara da abin da zai sa yara su saki jiki. Na ce kowa ya ɗauko kaye ya rubuta mini labarin wata tafiya da ya taɓa yi, da Faransanci ko Hausa ko Zabarmanci, duk wanda ya fi zo masa a baki. Ban kai ga zama ba sai wata yarinya daga layin baya ta ɗaga hannu.

Ta ce, "Mushe, ni ban taɓa tafiya ba."

Na ce, "To ina kika yi hutun?"

"Ƙauyenmu, bayan Dogon Dutsi."

"Da me kika je?"

"Da kar har Dutsi, daga nan muka hau amalanke."

"To wannan fa, me sunanta?"

Ta dube ni kamar mai jin tausayina, ta ce, "Ai zuwa ƙauye ba tafiya ba ce, Mushe."

Aji ya kwashe da dariya, amma na lura da yawansu kai suke gyaɗawa, sun yarda da ita. Yarinyar nan ta yi kilomita 270 da ɗoriya a mota, ta ratsa Doso, ta ga duwatsun Arewa, ta shiga daji a kan amalanke, amma a wurinta babu abin faɗa a ciki. Da na zauna duba takardun da dare sai na ga abin ya wuce ita kaɗai. Kusan duka magana ɗaya ce: mun tashi da asuba, mun isa lafiya, an tarbe mu, mun yi murna, mun dawo. Biyu sun rubuta mini labarin Paris, har da ƙanƙara tana zuba, alhali na san iyayensu, na kuma san ko Gaya ba su taɓa zuwa ba. Ɗaya ya kai ni Dubai. Wato a ganin yaranmu, tafiya ita ce wadda aka hau jirgin sama, kuma wurin da ya isa a rubuta labarinsa shi ne wanda suka gani a waya.

Na fara da jin haushinsu. Kafin in kwanta haushin ya dawo kaina, don na tuna da mahaifina.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, mutumin ƙasar Madawa ne, kuma tun yana saurayi ya bi fatake zuwa Gana. Ya zauna zangon Kumasi shekaru, yana cikin baƙin da gwamnatin Busia ta kora a ƙarshen 1969. Daga baya ya koma yana kai albasar Galmi har Ankara. Ya iya ajami sarai, akwai wani littafi da yake rubuta bashi a ciki, wane ya ci buhu kaza, wane ya biya. Amma duk tafiye-tafiyen nan, abu uku kaɗai suka rage a hannuna. Na san ranar da ya fara ganin teku ya ɗebi ruwan ya ɗanɗana don ya tabbatar da gishirin da ake faɗa. Na san lokacin kora ya dawo a bayan babbar mota da kan keken ɗinki a cinyarsa, bai sauke shi ba har gida. Na kuma san akwai wani maigida a Kumasi da ya riƙe shi kamar ɗa, amma sunan mutumin ya ɓace mini, kuma duk wanda zan tambaya ya riga mu gidan gaskiya. Ya sha ba mu labarin da dare a tsakar gida. Ni da na yi boko, na riƙe bik shekara da shekaru ina kwafe tarihin Napoleon, ban taɓa rubuta ko layi ɗaya daga bakinsa ba.

To da wane ido zan ga laifin yarinya 'yar shekara goma sha uku?

A hutun Disamba na waccan shekara na yi niyyar fara gyarawa da kaina. Na sayi kaye na dala 40, na hau kar zuwa Madawa, na dawo na zauna kwana biyu na cika shafi biyar. Na ji daɗin kaina ƙwarai. Na kira uwargida na karanta mata tana tsinke zogale. Da na gama ta yi shiru, sannan ta ce, "Malam, ai wannan ko wanda bai je ba zai iya rubuta shi."

Raina ya ɓaci, amma da na sake dubawa sai na ga gaskiyarta. Na rubuta cewa Doso gari ne mai tarihi da sarautar Zarmakwai, Birnin Ƙonni na bakin iyaka, Galmi ta shahara da albasa. Duk gaskiya ne, kuma duk daga littafin aji na kwaso su. Babu tsohuwar da ta zauna kusa da ni tana ƙulla kuɗinta a gefen zane tana kwancewa duk inda aka tsaya. Babu yadda kar ta yi tsit da muka doshi shingen bincike, kowa yana lalube aljihu yana neman katin shaida. Ban faɗi kuɗin da na sayi tsire a Ƙonni ba, ban faɗi cewa mai tsiren ya tambaye ni da sefa zan biya ko da naira ba. Ashe ni ma "mun tashi da asuba, mun isa lafiya" na rubuta, sai dai nawa ya fi na yara kwalliya.

Daga nan na koma neman yadda na gabanmu suka yi. Yawancin malamai sun san Tafiya Mabuɗin Ilmi na Abubakar Imam, labarin zuwansa Ingila a 1943 cikin tawagar 'yan jaridar Afirka ta Yamma, wasu kuma sun san Motsi Ya Fi Zama na Malam Aminu Kano. Amma wanda ya fi tsaya mini a rai ɗan ƙasarmu ne da ban taɓa jin an ambace shi a lakwal ba, wato Dorugu. Yaro ne daga ƙasar Damagaram, aka kama shi bawa aka kai shi Borno, wani Bajamushe mai suna Overweg ya 'yanta shi, bayan mutuwar Overweg kuma ya bi Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim. Tare suka ƙetare kogin nan namu a Say a 1853 za su Tumbutu, a 1855 kuma Barth ya tafi da shi har Ingila. A can ya zauna da wani malamin mishan, J. F. Schön, ya ba shi labarin rayuwarsa da Hausa, aka buga a cikin littafin Magana Hausa a 1885. Yaron da bai kai shekara ashirin ba, bai taɓa zama a aji ba, amma yau masana tarihi na karanta shi, don abin da idonsa ya gani ya faɗa, har yadda Turawa ke zaman cin abinci.

Akwai kuma Damure Zika, ɗan Sorkawa, abokin aikin Jean Rouch, wanda da yawanmu muka sani a fim ɗin Jaguar, inda samari uku suka tashi daga Nijar suka nufi Gwalkwas neman kuɗi. Shi ma ya riƙa rubuta abin da ya gani a hanya da irin Faransancinsa, aka buga a Faransa. A nan Yamai ya yi rayuwarsa yana duba marasa lafiya, ya rasu a 2009. Hanyar da suka bi a fim ɗin kusan ita ce mahaifina ya bi. Bambancin kawai, shi Damure ya riƙe alƙalami.

Abin da na tsinta a wurin mutanen nan shi ne ba su raina ƙaramin abu. Sai na ce bari in gwada a inda ba sai na biya kuɗin kar ba. Wata Asabar da safe na ɗauki kayena na sauka bakin kogi, ƙarƙashin gadar Kennedy, wurin da na wuce ta samansa sau dubu ban taɓa taka ƙasansa ba.

Na san abin da littafi ya ce. An buɗe gadar a 1970, ita ce ta haɗa gari da Harobanda, kalmar da a Zabarmanci ke nufin bayan ruwa, inda Jami'ar Abdu Mumuni take. Ta yi shekara arba'in ita kaɗai kafin a ƙara ta biyu a 2011, ta uku a 2021. Na kuma san darasin da nake koyarwa duk shekara, cewa kogin Kwara na cika sau biyu a Yamai. Na farko da damina, wajen Agusta da Satumba, lokacin da rafuka irin su Sirba da Dargol da Gorwal ke kwararo masa ruwa daga ɓangaren Burkina. Na biyu kuma cikin sanyi, wajen Janairu, sa'ad da ko ɗigo ba ya sauka daga sama, saboda ruwan da aka yi a tsaunukan Gini sai ya bazu a fadamun ƙasar Mali ya yi watanni kafin ya iso mana. Na zana wannan a allo har na gaji.

A bakin ruwan na tarar da masu wanki, kowa da dutsensa, kaya shanye a ƙasa kamar an shimfiɗa kasuwa. Na yi wa wani dattijo sallama, mutumin wajen Filinge ne, na ce, "Baba, in ba damuwa ina so in zauna in ga aikinku." Ya ce in zauna. Ban tambaye shi komai game da darasina ba, shi da kansa ya kawo zancen. Ya ce ruwan damina ja ne, ba a kusantar farin kaya da shi sai an ɗebo an bar shi ya kwanta, in ba haka ba ka biya mai babbar riga. Ruwan sanyi kuwa garau yake zuwa, amma yana cinye musu wurin shanya, dole su ja baya su matsu da masu lambu, a nan ne ake samun 'yar hayaniya. Ya nuna mini da hannu inda ruwa ya kai a ambaliyar 2020, shekarar da unguwannin hayi irin su Lamorde suka nutse. Darasin da na yi shekaru ina ba yara a bushe, ga shi a bakin mutumin da bai taɓa ganin taswira ba, da launinsa da asararsa.

Na koma gida na rubuta a ranar, ban bari ya kwana ba. Wannan shi ne abu na farko da na koya, kuma har yau ban saɓa ba: labarin tafiya in ya kwana biyu a ka, ƙananan abubuwan ne ke fara zubewa, a bar ka da "mun isa lafiya". Ina sa kwanan wata a sama, in rubuta kuɗin duk abin da na saya, in rubuta sunan abu yadda masu shi ke kiransa.

Abu na biyu kuwa da kunya na koye shi. Sati biyu bayan nan na koma wurin dattijon ɗauke da rubutuna, ina taƙama, na ce bari in karanta masa. Yana saurare yana murmushi har na zo inda na ce "wannan bawan Allah da talauci ya jefa cikin ruwa tun asuba". Sai ya ajiye rigar da ke hannunsa.

Ya ce, "Malam, wa ya ce maka jefa ni aka yi?"

Na rasa ta cewa. Ya ce da wankin nan ya aurar da 'ya'ya mata uku, ya sayi shanun huɗa biyu a gida, kuma duk damina yana komawa ya yi nomansa. Ya ce, "In za ka rubuta, rubuta cewa ina da masu kawo mini kaya tun shekara ashirin, ba a taɓa cewa na ɓatar da ko hula ba." Na soke layin a gabansa na rubuta abin da ya faɗa. Na gane cewa tausayin da na zuba masa ma kwafe shi na yi, daga irin rubutun da baƙi ke yi a kanmu, wanda mu kanmu muke jin zafinsa in mun karanta. Tun daga ranar, in dai da hali, ba na ɗaukar rubutu a kan mutum a matsayin gamamme sai na karanta masa. Hoto kuwa ba na ɗauka sai na roƙa, a kan gada da kusa da jami'an tsaro ma wayata ba ta fita daga aljihu, kuma haka nake gaya wa yara.

Wani zai ce to Mushe, duk wannan wahala ta mece ce, ga jarrabawa a gaba, ga manhaja ba a gama ba? Ina da amsa biyu, kuma ta biyun ta fi damuna.

A watan Maris na 2025 hukumomin ƙasarmu suka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. An yi ta muhawara a kai, ba ita ce ta kawo ni ba. Tambayata ta malamin aji ce: in na ce wa yaro ya karanta wani abu da Hausa game da Tawa ko Tasawa ko kasuwar Katako, me zan miƙa masa? Abin da aka rubuta game da garuruwanmu yawancinsa da Faransanci ne, kuma yawancinsa baƙi suka rubuta. Doka ba ta cika kabad da littattafai. Sai wani ya zauna ya rubuta, kuma ban ga wanda ya fi mu malamai da iyaye kusa da aikin ba.

Ta biyun ita ce ƙasar da za mu iya takawa tana ƙanƙancewa a idonmu. Lokacin da na fara koyarwa, ba wani abu ba ne a cika mota da yara a kai su Kure, kilomita 60 daga nan, su ga raƙuman dawan da suka rage a duk Afirka ta Yamma. Tun harin watan Agusta na 2020, da aka kashe mutum takwas a wurin, wane shugaban lakwal ne zai sa hannu a takardar fita? Gandun dajin W ya zama labari. Kasuwar Lahadi ta Ayoru, da na je sau biyu ina ɗalibi, yau ko an gayyace ni sai uwargida ta ɓoye mini takalmi. Na je wuraren nan da ƙafata, ban rubuta komai ba, ga shi yanzu ina ba yara labarinsu a gutsure kamar yadda mahaifina ya bar mini Kumasi. Allah ya kawo mana zaman lafiya hanyoyi su buɗe. Amma ko sun buɗe, Ayorun da na gani ba ita za a tarar ba.

Saboda haka na daina jiran babbar tafiya, na kuma daina sa yara jiranta. Da shekara ta zagayo na sake ba da aikin, amma na canza tambayar. Na ce kowa ya rubuta hanyarsa daga ƙofar gida zuwa ƙofar lakwal, da sharaɗi uku: ya kawo abu ɗaya da ya ji da kunnensa, abu ɗaya da ya tambayi wani babba, kuma kada ya sa kalmar "kyau" ko "daɗi" ko sau ɗaya. Sun yi ta ƙorafi a kan na ƙarshen. Amma wani yaro ɗan Bukoki ya dawo yana mamaki, kakarsa ta gaya masa sunan unguwarsu daga bukkoki ya samo asali, irin waɗanda baƙi suka kakkafa a bakin gari. Shekara goma sha huɗu yana faɗin sunan bai taɓa jin Hausar da ke ciki ba. Wata ta ƙirga masu sayar da ƙosai tsakanin gidansu da bakin titi, ta gano duk daga gari ɗaya suka fito.

Daga baya muka je Gidan Tarihi na Bubu Hama, wanda kowa ke kira Mize, tun 1959 yake nan a tsakiyar gari, amma kusan rabin ajin sallah kaɗai ke kai su, su ga zaki da dorina su sha kankara su dawo. Na tsayar da su gaban ragowar bishiyar Tenere, itacen ƙaya da ya tsaya shi kaɗai a tsakiyar hamada ayari na gane hanya da shi, har wata babbar mota ta buge shi a 1973 aka kwaso shi aka kawo nan. Wani yaro ya rubuta cewa abin da ya fi ba shi mamaki shi ne yadda direba zai rasa inda zai bi a duk faɗin Tenere sai kan bishiya ɗaya tilo. Na ba shi maki mai kyau, don tambayar tasa ce, ba a allo ya gan ta ba.

Ga iyaye, abin da nake roƙo kaɗan ne. In za ku gida hutu, ku saya wa yaro kaye daban da na lakwal, kada ku duba masa kuskuren rubutu a ciki, wannan aikinmu ne. In ya dame ku da tambaya a mota, sunan wannan gari, me ake nomawa a can, ku amsa abin da kuka sani. In kun isa kuma ku zaunar da shi gaban tsohon da ya fi kowa yawo a gidan, wanda ya je Ikko ko Abijan ko Makka ta ƙasa, ya tambaye shi da wa ya sauka, me ya ci, nawa ya biya. Sunan maigidan nan na Kumasi da na rasa, yaro ɗan shekara goma zai iya ceto irinsa cikin minti biyar.

Ita kuwa yarinyar Dogon Dutsi, ta bar ajina ta wuce gaba, amma bana bayan hutu ta tare ni a bakin ofis ta miƙo mini takarda huɗu a ninke. Labarin amalanken ne. Ta rubuta cewa jakin yana da wurin da yake tsayawa da kansa kusa da wata rijiya, ko an buge shi ba ya motsi sai an ba shi ruwa, kuma kawunta ya ce tun jakin yana ƙarami aka saba masa. Ta rubuta yadda geron bana ya fi na bara tsawo a gonakin da ke kwari, da sunan kowace gona da suka wuce. A ƙasa ta sa kwanan wata da kuɗin kar.

Ni ma kayena na bakwai ya kusa cika. Asabar mai zuwa in Allah ya kai mu majemar Gamkale za ni, wurin masu jimar fata a bakin kogi. Na je sau ɗaya wari ya koro ni kafin in tambayi inda suke sayo bagaruwa.